Biyan kuɗin jarrabawa kaɗai bai wadatar ba

Ana yawan zaton cewa idan asibiti ya biya wa ma'aikaciyar jinya kuɗin jarrabawar ƙwarewa, to ya sauke nauyin da ke kansa, alhali lokaci ne ya fi yi mata wuya. A Amurka, ɗaya daga cikin hanyoyin cancantar zana jarrabawar CCRN, wato ta ƙwarewa a jinyar masu matsanancin ciwo, ita ce cika awa 1,750 cikin shekara 2 ana jinyar masu matsanancin ciwo. Wadda ake canza wa sashe kowane wata, ko take gyangyaɗi a kan littafi bayan aikin dare, da wuya ta kai labari. Kamata ya yi a bar ta a sashenta, a kuma rage mata aikin dare gab da jarrabawa.