Rigar sulke ba ta hana a kira ka infoma

Wai kuma an sake tara 'yan jarida a otal ana koya musu yadda za su kare kansu a wurin rikici, an sha shayi an raba satifiket, wani ƙwararre ya miƙe yana cewa a riƙa sa rigar sulke da hular kwano mai rubutun PRESS. Haba dan Allah! Wanda zai bi hanyar Gusau zuwa Dansadau da wannan shigar ai shela ya yi wa 'yan bindiga cewa ga mai tsada nan tafe, kuɗin fansarsa ba irin na manomi ba ne.

Ni abin da ke ba ni haushi, duk surutun nan ba a taɓo inda ciwon yake. Wakilin da ke Zamfara tsoro uku gare shi, na mutanen daji, na 'yan sa-kai da za su binciki wayarsa su ga lambar da ba su yarda da ita ba su ce infoma ne, kuma kowa ya san abin da kalmar nan ke jawowa a Tsafe ko Zurmi, sannan na hukuma wanda ya fi duka. A Agustan 2022 hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin, NBC, ta ci Trust TV tarar naira miliyan 5 don rahoton bidiyo kan 'yan bindiga, bayan ministan yaɗa labarai na lokacin, Lai Mohammed, ya ce su da BBC suna kambama ta'addanci. Oktoban shekarar gwamnatin Matawalle, gwamnan Zamfara na lokacin, ta sa a rufe NTA Gusau da Pride FM da Gamji don kawai sun ɗauki taron PDP. In gwamnati da kanta ta nuna ka da yatsa, wane ɗan sanda ne zai tsaya maka a shingen bincike?

Masu cewa hira da ɗan bindiga tallata shi ce su fara gaya mana wa ya yi sulhu da su a 2019, wa kuma ya naɗa wa ƙasurgumin ɗan bindiga Ado Aleru rawanin Sarkin Fulani a 'Yandoto, ba ɗan jarida ba ne dai.

Su ma masu gidajen jarida ba su fita ba. Edita na Abuja cikin sanyin esi yana buga waya, "ka shiga ƙauyen ka samo mana murya", yaron nan ba albashin kirki ba inshora, katin shaida kawai aka miƙa mishi ya je ya nemi na abinci, kuɗin mai ma daga aljihunsa. Lokacin da aka katse sabis a Satumban 2021 sai ya bar jihar kafin ya tura labari, a kan hanyoyin da ake tare mutane da rana tsaka, wa ya tambaye shi yadda ya isa?

Ƙungiyar 'yan jarida NUJ ta rage bitar otal, ta matsa wa masu gidajen nan su biya albashi da inshora, duk wanda ya ƙi a fallasa sunansa. Jami'in da ya ƙwace wayar wakili ko ya mare shi kuma a kai shi kotu, ko da mutum guda ne a fara da shi mu gani.