Autherine Lucy ta sami kotun zuwa, 'yar yayata fa?

Ranar Asabar na kai 'yata garin Tuscaloosa a nan Alabama, muka tsaya gaban ginin jami'ar jihar da aka raɗa wa sunan Autherine Lucy a 2022. Ita ce baƙar fata ta farko da ta zauna a ajin wannan jami'a, a watan Fabrairun 1956. Kwana uku kacal ta yi. Gungun fararen fata suka yi ta jifan motar da take ciki da ƙwai da duwatsu, hukumar makaranta ta dakatar da ita wai don kare lafiyarta, daga baya ta kore ta ɗungurungum. Cikin lauyoyin da suka tsaya mata akwai Constance Baker Motley, wadda a 1966 ta zama baƙar mace ta farko da ta hau kujerar alƙalin kotun tarayya a Amurka.

A wannan shekarar ta 1966 dai Aloma Mukhtar tamu ta zama lauya a Ingila, ta dawo gida ta yi ta hawa har ta kai Alƙaliyar Alƙalan Nijeriya a 2012. Gambo Sawaba ta sha duka da ɗauri a kan haƙƙin matan Arewa na jefa ƙuri'a. Jarumai dai muna da su.

Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. Wanda ya tare wa Lucy ƙofa yana da ofis da tambari, ana iya aika masa sammaci. Namu kuwa a tsakar gida yake, tare ake cin tuwo da shi. Bara aka cire 'yar yayata daga aji uku na sakandare, yarinyar da ke yi wa ƙannenta darasin lissafi da gawayi a jikin katanga. Babu wata doka da ta hana ta karatu. Babanta ne ya ce kuɗin da ke akwai na yayyenta maza ne, ita kuma ga manemi ya fito. Wa za ta kai ƙara? Mahaifinta?

Daren nan na kira yayata na ce: "Yaya, kuɗin makarantar ni zan ɗauka, ki dai yi wa Malam magana." Ta yi shiru har na zaci layin ya yanke. Can ta ce in bari sai bayan sallah.