Binciken da ya ceci mata a ɗakin haihuwa, da hannun wa aka yi shi?

Ni ungozoma ce 'yar Najeriya, a wani asibiti na Ingila nake aiki. Kwanakin baya aka tara mu bitar da ake yi mana duk shekara kan zubar jini bayan haihuwa, mai koyarwar ta kawo misali da wani bincike da ake kira E-MOTIVE, wanda Jami'ar Birmingham da Hukumar Lafiya ta Duniya suka jagoranta. Da muka fito hutu, wata abokiyar aikina, Baturiya dattijuwa mai kirki wadda ta taimake ni ƙwarai lokacin da nake sabuwar zuwa, ta dafa kafaɗata ta ce, "Kin ga abin da jami'o'inmu suke yi muku. Da ma a ce ku ma kuna da masu bincike irin haka a can." Da zuciya ɗaya ta faɗa, kuma shi ya fi yi min zafi. Da gori ta yi min, da na san yadda zan rama.

Ga abin da binciken ya ƙunsa. Idan mace ta zubar da jinin da ya kai rabin lita cikin awa 24 bayan haihuwa, an shiga haɗari. Hakan na faruwa da mata kusan miliyan 14 a duniya kowace shekara, kimanin 70,000 kuma suna rasuwa. Babbar matsalar ita ce da ido ake ƙiyasta jinin, ido kuwa yana yaudara. Jini ya jiƙe zani, ya malale a katifa, ya gangara ƙasa, ke kina ganin kaɗan ne, sai kawai ki ga mace ta fara hamma, leɓenta ya yi fari, hannunta ya yi sanyi. Masu binciken sai suka kawo wata leda mai aljihu kamar mazurari, da layukan awo a jikinta. Ana shimfiɗa ta a ƙarƙashin mai jego da zarar jariri ya fito, jinin ya taru a aljihun, kowa ya ga inda ya kai. Idan ya kai layin, ba a tsayawa a gwada magani ɗaya a jira. A take ake murza mahaifa, a yi allurar oxytocin mai sa mahaifa ta matse, a ba da tranexamic acid mai rage zubar jini, a ɗaura ƙarin ruwa, a duba ko an samu yagewa, a kira na gaba idan abin ya ƙi.

An gwada wannan a asibitoci 80 na Kenya da Najeriya da Afirka ta Kudu da Tanzaniya, a kan mata sama da 200,000, sakamakon ya fito a mujallar New England Journal of Medicine a watan Mayun 2023. A asibitocin da aka bi sabon tsarin, an gano kashi 93 cikin ɗari na masu zubar jini, a sauran kuwa kashi 51 kawai. Mummunar zubar jini da abin da ke biyo bayanta suka ragu da kashi 60 cikin ɗari. Kafin shekarar ta ƙare Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa tsarin cikin shawarwarinta. Abin da abokiyar aikina ba ta sani ba shi ne, kusan rabin asibitocin nan a Najeriya suke, kuma wadda ta ja ragamar aikin a Najeriya ita ce Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero, wadda mujallar Time ta sa cikin mutum 100 masu tasiri a harkar lafiya a 2024. Ungozomominmu ne suka shimfiɗa ledar nan, su suka karanta awon, su suka cike takardun cikin dare bayan sun karɓi haihuwar da ba ta ƙirguwa.

Ba na cewa mutanen Birmingham sun danne haƙƙin kowa. Sun tsara aikin, sun nemo kuɗin daga Gidauniyar Gates, sun yi lissafin, kuma sunayen abokan aikinsu na Afirka suna nan a kan takardar. Amma abin da ke isa kunnen mutumin titi a nan, har da ma'aikacin asibiti, sunan jami'a ɗaya ne. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ya kamata in faɗa muku yadda bincike yake a nan, don wanda bai gani ba zai ɗauka wata baiwa ce aka ba su. A ɗakin haihuwarmu akwai ungozomomin da bincike kawai aka ɗauke su su yi, albashinsu daban, ba sa karɓar haihuwa sai dai in an matsu. Da safe za ki ga ɗaya ta shigo da ƙaramar kwamfutarta, ta duba jerin matan da aka kwantar, ta ware waɗanda suka dace da binciken da ake yi, ta ja kujera ta zauna kusa da gado. Za ta yi wa mace bayani a natse, ta ba ta takarda ta karanta, ta ce in ba ta so babu komai, kulawar da za a ba ta ba za ta canza ba. In matar ba ta jin Turanci a kira tafinta ta waya. In an ɗibi jini, akwai mai zuwa ya ɗauka, akwai firjin da ke riƙe sanyin digiri 80 ƙasa da sifili, kuma in sanyin ya ragu ko da tsakar dare ne saƙo zai shiga wayar wani. A jami'ar da ke haɗe da asibitin akwai ofis guda da aikinsa taya malami rubuta takardar neman kuɗin bincike, akwai masu lissafi, akwai mai gyaran na'ura da ke zaune yana jiran ta lalace. Gwamnati ta kafa hukumar NIHR tun 2006 don ta biya kuɗin irin wannan aiki a cikin asibitoci. Shi ya sa da korona ta zo, Jami'ar Oxford ta iya haɗa asibitoci fiye da 170 a gwajin RECOVERY, zuwa watan Yunin 2020 suka gano cewa dexamethasone, tsohon magani mai araha, yana rage mutuwar waɗanda ke kan injin numfashi da kashi ɗaya bisa uku.

Wannan abin a yaba ne, kuma ina yabawa. Sai dai duk lokacin da na ga malamin jami'a a nan yana ƙorafi don an jinkirta masa saƙon kayan gwaji da kwana biyu, malamanmu nake tunawa. Ba sai na ba ku labarin wuta da janareta ba, ko na malamin da ke sayen kayan gwaji daga albashinsa, ko ajin da ɗalibai ke leƙowa ta taga. Kun san yajin aikin ASUU na 2020 da ya ci wata tara, da na 2022 da ya ci wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Wanda ke renon ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji ko yake bibiyar marasa lafiya wata-wata, in aka rufe masa ƙofa wata takwas aikinsa ya mutu, sai ya koma farko. TETFund, asusun da ke tallafa wa manyan makarantun gwamnati, na ƙoƙari, amma me zai ishi makarantu masu yawa haka?

A cikin wannan hali ne likitocin Kano da Kaduna, tare da Jami'ar Vanderbilt ta Amurka, suka yi gwajin da ya nuna cewa ƙaramin awo na maganin hydroxyurea ma yana kare yara masu sikila daga shanyewar ɓarin jiki, aka buga shi a 2022. A cikinsa ne Farfesa Mohammad Ishiyaku da abokan aikinsa na cibiyar binciken noma ta Samaru, a Jami'ar Ahmadu Bello, suka fitar da irin waken SAMPEA 20-T mai jure wa tsutsa a 2019. A watan Maris na 2020 kuma ɗakin gwajin Farfesa Christian Happi na Jami'ar Redeemer's da ke Ede ne ya fara karanta tsarin halittar ƙwayar korona a duk nahiyar Afirka. Ni dai hukuncina a fili yake. Wanda ya fitar da sakamako ɗaya a gida ya fi min wanda ya fitar da goma a nan, domin na nan an share masa hanya tun kafin ya iso. A kai shi can a ce ya yi shekara ɗaya, mu gani.

Na san za a ce son kai ne, wataƙila ma da shi a ciki. Amma akwai abin da ya fi maganar Baturiya damuna. Ita ba ta san Farfesa Galadanci ba, to mu fa? Na yi zancen a zauren WhatsApp na 'yan ajinmu na makarantar ungozoma, waɗanda suka san binciken 'yan kaɗan ne, alhali wasunsu kullum suna cikin jini har gwiwar hannu. Mun san sunan kowane ɗan siyasa da kowane mawaƙi, amma wadda aikinta zai hana marayu ƙaruwa sai da baƙi suka yaba mata kafin wasunmu su waiwayo. A nan jami'a na da ma'aikatan da aikinsu kai labarin bincike gidan rediyo da jarida cikin harshen da kowa ke ji. Mu da rediyo ke shiga kowane gida, me ya hana a zaunar da likita ta yi wa mata da mazajensu da surukai bayani da Hausa cewa jinin haihuwa yana da iyaka, kuma ana iya auna shi?

Zauren nan namu kuwa, in kin duba lambobin wayar, da yawa sun koma na Ingila da Saudiyya da Kanada. Sauran hirarsu jarrabawar Turanci ce da neman takardar shaidar aiki. Ban ga laifin kowa ba, ni ma ga ni nan, kuma na san abin da ya fito da ni. Amma bincike irin na ledar nan da ƙwararrun hannuwa ake yin sa, masu gane canjin fuskar mai jego tun kafin awo ya nuna. Sistar da ta koya min murza mahaifa ta ɗora hannunta a kan nawa ne ta danna, ta ce, "'Yata, ji nan, in ya yi laushi haka kada ki ɗaga sai ya yi tauri." Tana nan a gida har yau, ta kusa ritaya, kuma yawancin waɗanda ta koyar mun watse. Abin da ta zuba mana, matan wata ƙasa ke mora.

A nan ina da kayan aiki, ina da albashin da ke zuwa a kan lokaci, in na danna ƙararrawa likitoci na cika ɗaki kafin in juya. Abin da ba ni da shi shi ne mai jego ta riƙe hannuna ta ce, "Sannu Sista, Allah ya saka da alheri," kakar jariri ta bi ni da addu'a har bakin ƙofa. Takardar zamanmu za ta zo sabuntawa, maigidana yana ganin mu tsaya saboda karatun yara, kuma hujjarsa mai ƙarfi ce. Ni kuma na fara neman gurbin karatun digiri na biyu a fannin binciken lafiyar mata, na kuma faɗa masa tun yanzu cewa aikin da zan rubuta a kansa, a ɗakin haihuwa na gida nake so in je in yi shi.