Jan ɗakin Matisse da masu cewa "ai bai yi kama ba"

Duk lokacin da aka nuna wa mutum zanen cikin ɗaki na masu zanen zamani, abin da ya fi saurin fitowa daga bakinsa shi ne: "Wannan ai bai yi kama ba." Bango ja, tebur ja, inuwa shuɗiya, kujera kamar za ta zame ta faɗo. Ni ina ganin wannan hukunci ya yi gaggawa, domin mai kallon ya zo da mudun da ba shi aka auna aikin da shi ba.

A ɗauki zanen da mai zanen nan na Faransa, Henri Matisse, ya yi a 1911 na ɗakin aikinsa da ke wajen birnin Paris, wanda yanzu yake rataye a gidan zane-zane na MoMA a New York. Faɗinsa ya haura mita 2. Kusan komai a ciki ja ne mai duhu irin na jan bulo: bango, daɓe, tebur, har da wani dogon agogo da ba shi da hannuwa. Mafi yawan abin da bai zama ja ba shi ne ayyukansa da ya jera a ɗakin, zane-zane da sassaƙe da faranti. Binciken masu kula da zanen ya nuna cewa da farko bangon shuɗi ya yi shi, daɓen ruwan hoda, kayan ɗakin kuma rawaya-rawaya, sannan ya dawo ya shafe su da ja. Siraran layukan da ke nuna gefen tebur da kujera ragowar fentin ƙasa ne da ya bari yana leƙowa. Mutumin da ya gama ɗaki tsaf sannan ya lulluɓe shi da launi ɗaya ba gazawa ce ta sa shi ba. Ya yanke shawarar cewa a ɗakin nan kujera da agogo ba su da nauyi, aikin hannunsa ne kaɗai yake numfashi, kuma jan ne ya faɗi hakan.

Ba karon farko ba ne. A 1908 attajirin nan na Rasha, Sergei Shchukin, yana jiran zanen ɗakin cin abinci mai launin shuɗi, sai Matisse ya mayar da shi ja kafin ya miƙa. Furannin da ke jikin mayafin tebur suka haura bango, har ido ya rasa inda tebur ya ƙare. Matisse ya tashi ne a arewacin Faransa, yankin masaƙa, kuma wanda ya girma cikin yadi ya san cewa ado yana iya cinye abin da aka yi wa adon.

Akwai dalilin da ya sa wannan ƙarfin hali ya bayyana a lokacin. Kyamara ta riga ta karɓi aikin kwaikwayon kama. An ƙirƙiro fentin cikin bututu a 1841, masana'antu kuma suka kawo launuka masu kaifi. Tun 1839 masanin sinadarai Chevreul, wanda ke kula da rini a masaƙar Gobelins da ke Paris, ya bayyana yadda launi ke sauya kama gwargwadon maƙwabcinsa: ja kusa da kore ya fi ja, rawaya kusa da shunayya ta fi haske. Masu zane suka riƙe wannan da hannu biyu.

Amma abin da ya fi taɓa ni shi ne zaɓen ɗaki a matsayin abin zane. Tsohon tsarin makarantar zane ta Faransa ya ɗora labaran tarihi da yaƙe-yaƙe a sama, ya bar al'amuran gida can ƙasa. Mai zane Édouard Vuillard bai damu da wannan jeri ba. Ya zauna da mahaifiyarsa, mai sana'ar ɗinki a gida, har ta rasu a 1928. A wani zanensa na 1893 uwar tana zaune daram cikin baƙaƙen kaya, ƙafafu a ware, hannu bisa gwiwa, 'yar'uwarsa kuwa ta rusuna ta manne da bango, rigarta mai zane-zane tana narkewa cikin adon bangon kamar zai haɗiye ta. Ba a faɗi ko kalma ɗaya ba, amma duk wanda ya taɓa zama a gidan da mutum ɗaya ke riƙe da ragama ya gane abin da ke faruwa.

Masu suka suna da hujja guda da ba zan raina ba. Suna cewa wannan zanen masu hali ne, ɗakuna masu ɗumi alhali duniya na ci da wuta. Gaskiya ne mai zane Pierre Bonnard ya shafe shekarun Yaƙin Duniya na Biyu a gidansa na Le Cannet, a kudancin Faransa, yana zana ɗakin cin abinci da makewayi. Sai dai a duba da kyau. Matarsa Marthe ta daɗe tana fama da rashin lafiya, tana shafe lokaci mai tsawo cikin bahon wanka, shi kuma daga ƙwaƙwalwa yake zane, ƙyallen da yake zanen a kai a kafe jikin bango. Ta rasu a 1942, ya ci gaba da aiki a kan zanen ƙarshe da ya yi na ta a cikin baho: jikinta ya kusa ɓacewa cikin ruwa, tayil ɗin bango na walƙiya da shunayya da ruwan lemo da rawaya, ɗan kare a kwance a ƙasa. Ban ga gudun duniya a nan ba. Na ga mutumin da ke ƙoƙarin riƙe abin da ke kuɓuce masa.

Launin kansa ma ba ya dawwama, kuma wannan ya kamata ya sa mu tsaya mu ƙara kallo kafin mu yanke hukunci. Ɗakin kwanan da Van Gogh ya zana a garin Arles na Faransa a 1888, wanda ya sake yi har sau biyu, ya rubuta wa ƙanensa Theo cewa yana son launukansa su sa mutum tunanin hutu da barci. Bangon da ya bayyana a wasiƙar shunayya ne mai haske. Jan da ke cikin haɗin fentin ya koɗe da shekaru, shi ya sa wanda ya tsaya gaban zanen a Amsterdam yau yake ganin bango shuɗi, da rawayan gado da ya rasa abokin da aka zaɓa masa.