Takardar yabo ba ta rage gadaje

Duk ranar 12 ga Mayu, ranar ma'aikatan jinya ta duniya, sai a tara mu a yi jawabi, a raba takardar yabo, a ce mu jarumai ne. To, mun gode. Washegari ka leƙa jadawalin aiki ka tarar an sauya shi babu ko sallama: hutun da ka sa wa rai ya koma kwanan asibiti uku a jere.

Albashi na da muhimmanci, babu mai musu, amma abin da ke kashe mini gwiwa kullum shi ne yawan gadajen da ake jibga wa mutum ɗaya. Kana ɗaura wa wannan ruwa, na gadon ƙarshe yana ƙwala kira, ɗan'uwan wani na tsaye a kanka yana harara, ga takardu tuli suna jiran a cike. Lokacin tashi ya yi, mai karɓarka bai iso ba, kuma ba ka isa ka bar majinyaci ka tafi ba.

Wannan ba mita ba ce. Binciken Linda Aiken, wata farfesar aikin jinya, na 2002 a asibitocin Amurka ya nuna cewa duk majinyaci ɗaya da aka ƙara wa nas, yiwuwar ta ƙosa da aikin na ƙaruwa da kashi 15, haɗarin mutuwar majinyaci kuma da kashi 7. Jihar Kaliforniya har doka ta kafa ta ƙayyade adadin majinyatan da za a ɗora wa nas ɗaya. Mu kuwa da mun buɗe baki sai a ce aikin lada ne, a yi haƙuri. Mai faɗin hakan ƙarfe huɗu yake kulle ofishinsa.