Mudu biyu a buhu ɗaya

Ranar Asabar na shiga kasuwar Tudun Hatsi a nan Gombe sayen wake. Matar da na tsaya wurinta tana rera waƙar Zumuntar Mata a hankali tana tsince tsakuwa, sai na ji hankalina ya kwanta, na ce ga tamu. Muka gaisa, ta ce mini "ɗana", na ce mata "Mama", har ta tambaye ni ikilisiyar da nake zuwa. Ta auna mini mudu biyar da tozo, ta ƙara gyara. Da na isa gida uwargida ta sake aunawa da nata kwanon, huɗu da rabi ya fito. Wanda ya taso a gidan masu awo ya san yadda ake yi: a kifa mudun, a ɗan bubbuga gindinsa ya shige ciki. Ido ba ya gani, tukunya ce ke gani.

Ba rabin mudun ne ya dame ni ba. Waƙar ce.

Mu Kirista mun iya Lahadi, wannan babu gardama. Mun iya ƙungiyar mawaƙa, mun iya baiko da rawa, mun iya kwanan addu'a. Tun 1917 da masu bishara na ƙungiyar mishan ta SIM (Sudan Interior Mission) suka sauka Kaltungo, tun 1932 da aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, Maganar tana hannunmu da harshen da muke ciniki da shi. Amma yaushe rabon da ka ji wa'azi a kan Maimaitawar Shari'a 25:13-15? Can Ubangiji ya hana mutum ajiye ma'auni iri biyu a jakarsa, babba da ƙarami, wato na saye daban, na sayarwa daban. Karin Magana 11:1 kuwa ta kira ma'aunin zamba abin ƙyama ga Ubangiji. Kalmar nan "ƙyama" mun ware ta ga zunuban wasu, ba mu cika kawo ta bakin buhu ba.

Annabi Amos ya fi ba ni tsoro. Makiyayi ne daga Tekowa, bai san kwana-kwana ba. A sura 8 ta littafinsa ya zana mutanen da ke kiyaye Asabar sarai, ba sa buɗe rumfa, amma zuciyarsu na ƙirga lokaci: yaushe za ta wuce mu fito da alkama, mu rage mudu, mu ƙara kuɗi, mu haɗa har da ƙaiƙayi mu sayar? Masu ibada ne fa. Da a yau ne, da suna kujerar gaba ranar godiyar kaka, da buhunsu a gaban bagade.

Na san abin da za a ce: kuɗin mota ya tashi, taki ya yi tsada, dillali ya ci nasa, ribar mudu ba ta taka kara ta karya ba. Gaskiya ne. To ki faɗi farashinki a fili, Mama, in na iya in saya, in ban iya ba in wuce. Maƙwabtanmu Musulmi ma suna da sura guda da ta buɗe da gargaɗin masu tauye awo. Idan suka saya a hannunmu suka ga mudun a lotse, da wane baki za mu yi musu zancen cewa mu ne gishirin duniya da haskenta, kamar yadda Yesu ya ce?

Ina cikin wannan huci sai uwargida ta ce, "Baban yara, kai fa magininka?" Na yi shiru. Wata biyu ke nan da ya gama mini shafen katanga, cikon kuɗinsa yana hannuna, kullum sai in ce ya dawo ƙarshen wata. A cikin watannin nan ban fasa fitar da zakka ba ko sau ɗaya, har da sunana a jikin ambulan. Yakubu 5:4 ya ce hakkin ma'aikacin da aka danne yana kuka, kukan kuma yana isa kunnen Ubangiji Mai Runduna. Ashe ni ma mudu biyu gare ni, nawa dai ba na kwano ba ne.

Jiya da yamma na je na same shi yana kwaɓa siminti a wani gini, na miƙa masa kuɗin. Ya ƙirga, ya soke a aljihu, ya ce, "Yallaɓai, ai na riga na cire rai." Wurin Mama mai wake kuwa ban koma ba tukuna, ina ta juya yadda zan fara maganar ba tare da na kunyata ta a gaban abokan sana'arta ba.