Ƙannena masu koyon kanikanci, ku daina ƙwanƙwasa fulogi da ido

Jiya na sake ganin abin da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya. Yaro ya ɓare sabon fulogi daga kwali, ya ɗaga shi sama ya kanne ido ɗaya, ya ce wai bakin ya yi faɗi, sai ya ƙwanƙwasa shi a kan benci sau biyu ya nufi mota zai ɗaura, motar kuma BMW ce mai turbo. Na ce tsaya, me ka auna da shi? Ya ce oga ai ido ma mudu ne. To wallahi ƙanena a wannan aikin ido ba mudu ba ne.

Bakin fulogi, wato tazarar da ke tsakanin tsinken tsakiya da wancan ƙarfen gefe da ya lanƙwaso ta samansa, a yawancin motoci tana tsakanin milimita 0.6 zuwa 1.1 ne, kuma bambancin da zai sa inji ya yi lafiya ko ya fara misin, wato silinda ta riƙa kasa ƙona mai, bai wuce 0.1 ko 0.2 ba. Milimita 0.1 fa kaurin fallen takarda ɗaya ne. Wane ido gare ka da zai raba 0.7 da 0.8?

Na san inda kuka samo ɗabi'ar, wajenmu kuka gani, mu ma haka muka taso muna yi a tsofaffin motoci masu kafireto, fulogin nan mai kaurin tsinke ka buga shi ka kankare shi da samfefa ka mayar ya ci gaba da aiki ba ruwansa. Amma injin manyan motocin yanzu ba ya yafiya irin wannan. Ka gane, koyil ne ke tura wuta ta tsallaka wannan tazara, dubban bolt ake magana, kuma duk yadda iska ta matsu a cikin silinda haka tsallakawar ke ƙara wuya, shi ya sa inji mai turbo galibi tazararsa ƙarama ce, wajen 0.7 zuwa 0.8, wanda ba turbo kuma za ka samu har 1.0 ko 1.1. In ka buɗa bakin ya wuce ƙima, mota za ta yi sulo lafiya ƙalau a gabanka har ka wanke hannu kana murmushi, sai mai ita ya hau titi ya taka totur turbo ya cika, nan wuta za ta kasa tsallakawa, mota ta fara fizga, cek injin ya fara ƙyafƙyaf. Wannan ƙyafƙyaf ɗin ba ado ba ne, man da bai ƙone ba ne ke gangarawa salansa yana dafa katalis, abin nan mai tace hayaƙi. Koyil ɗin ma kana kashe shi a hankali don kullum a ƙarshen ƙarfinsa yake aiki. Sai a dawo maka da mota ka jona kwamfuta ka ga P0301, lambar da ke nuna silinda ta ɗaya na misin, ka ce koyil ɗinta ne, a saya, gobe P0304 ta silinda ta huɗu, a sake saya, kana ta ɗora wa bawan Allah asara alhali kai ka haƙa ramin. In kuma ka matse bakin da yawa wutar ta yi ƙanƙanta, sulo ya ƙi daidaita, mota ta kama shan mai.

Abin da ya fi damuna shi ne fulogin iridiyam. Ka ɗauki ɗaya ka duba tsinkensa da kyau, siriri ne kamar bakin allura, 0.4 zuwa 0.6 kaurinsa, ƙarfe ne mai tauri sosai mai jure zafi amma ba ya lanƙwasa, ɓallewa yake. Wannan ma'aunin mai kama da kwabo da ake cusawa a murza, shi ne ajalinsa. Ni da kaina na taɓa yin wannan kwaɓar a wata Mercedes mai V8 irin mai fulogi biyu a kowace silinda, 16 ke nan, na bi su ɗaya bayan ɗaya ina gyarawa ina jin kaina gwani, ashe na tsinke kan guda ban lura ba, sai da na gama haɗa komai tsaf sannan inji ya fara rawa. Maigidana bai ce min uffan ba, kujera kawai ya jawo ya zauna yana kallona har na kwance su na gano shi. Da ma zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Irin waɗannan fulogan daga kamfani suke zuwa a saice. Naka kawai ka duba, don kwali kan faɗi a hanya baki ya matse. Nemi adadin a littafin motar, ba a bakin abokinka ba, kuma lambar jikin fulogin ma tana magana, a fulogin kamfanin NGK in ka ga -11 a ƙarshe to 1.1 ake nufi. Sa fila geji, siraran fallayen ƙarfen nan na awo, ko ma'aunin waya a hankali, ya shige da ɗan jan kaɗan ba tare da ka tura da ƙarfi ba. In ya zama dole a gyara, ƙarfen gefe kaɗai ake lanƙwasawa da abin da aka yi don haka, kar komai ya jingina da tsinken tsakiya ko farin tangaran ɗin, kuma in gyaran zai wuce 0.2 to ba fulogin motar ba ne aka kawo maka, mayar. Mai ƙarfen gefe biyu ko huɗu kuwa ba a taɓa shi sam. Wanda ya faɗi a siminti kar ka ce ai bai fashe ba, tsagewar tangaran ba kullum ake ganinta ba.

Sai ɗaurin, nan ma kuna ba ni tsoro. Tof silindan nan alminiyam ne, ka bari inji ya huce, ka hure ƙurar ramin kafin ka zare tsohon, sabon kuma ka fara kama shi da hannu ya shiga sumul kafin sifana ta zo kusa, don in ka cinye zaren ramin ranar ba mai barci. Kar ka shafa masa giris, zaren yana da rufinsa, giris zai sa ka ɗaure ya wuce ƙima ba ka sani ba. Ka yi amfani da sifanar tok mai auna ƙarfin ɗauri, ba ƙarfin damtse ba. Wasu injinan Mercedes masu fesa mai kai tsaye cikin silinda, har inda ƙarfen gefen zai fuskanta a ciki ya dogara da daidai ɗaurin da ka yi, in ka ƙara ko ka rage ya juya wani wajen.

Yaron jiya dai na sa shi ya auna wanda ya ƙwanƙwasa a gabana, fila ta 0.5 ma da ƙyar ta shiga.